Albarka Ko Sallama: Wa Ake Sayarwa Idan Kamfani Ya Taya Kamfani?

Jama'a masu sauraronmu na Augie, da Bayawa, da Birnin Tudu, da Tiggi, da na Argungu har zuwa Birnin Kebbi, da ku da ke cikin fadama rediyo na rataye a jikin bukka kuna gadin shinkafa kada tsuntsu ya sauka, barkanmu da wannan lokaci.

Kwanakin baya ina neman wata takardar gona cikin tsohuwar jakata, sai hannuna ya faɗa kan wani ƙullin leda. Da na kwance, sai ga layukan waya guda huɗu da ɗan modem irin wanda muke soka wa kwamfuta a da, murfinsa ya ɓace, fentinsa ya koɗe. A bayan wata takarda kuma ga adireshin imel ɗina na farko da na rubuta da biro don kada in manta. Na zauna ina juya su. Biyu daga cikin kamfanonin da suka sayar min da waɗannan kaya babu su yau a doron ƙasa. Ɗaya ya canja suna har na daina ƙirgawa. Kowannensu an taɓa zama a wani ɗaki mai sanyi an yi cinikinsa, an taya, an ce albarka, an ƙara, an sallama. Kuma duk lokacin da aka yi wannan ciniki, ni da ku muna cikin kayan da aka sa wa kuɗi. A kan wannan nake so mu yi magana yau.

Bari in fara da cinikin da ya fi kowanne amo, domin yawancin waɗanda suka fara taɓa intanet a jihar nan ta ƙofar wannan kamfani suka shiga.

Duk wanda ya je shagon intanet a Birnin Kebbi wajen shekarar 2007 ko 2008 zai tuna yadda abin yake. Janareta na ruri a bayan shago, ka biya kuɗin awa ɗaya a ba ka 'yar takarda mai lamba, ka zauna kana kallon shafi yana buɗewa layi-layi kamar ana saƙa tabarma. Abin da kowa ya fara nema shi ne Yahoo. Ɗalibi mai cike takardar neman gurbin jami'a, da mai neman aiki, da mai ɗan'uwa a Saudiyya ko Sudan, duk adireshinsu da yahoo yake ƙarewa. Sunan ya shiga bakinmu har ya zama, abin takaici, laƙabin 'yan damfara ta intanet a Najeriya.

To a daidai lokacin da muke ganin Yahoo shi ne intanet ɗin gaba ɗaya, can a Amurka ƙafarsa ta fara rawa. Ɗalibai biyu ne na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka kafa shi a 1994. Abincinsa talla ne: kai ka karanta labari ko ka buɗe wasiƙa kyauta, shi kuma ya sayar wa 'yan kasuwa idonka. Sai Google ya zo da hanyar bincike da ta fi tasa sauri da dacewa, ya kuma gano cewa tallan da ya fi tsada shi ne wanda ake nuna wa mutum a daidai lokacin da yake neman abu. Wanda ya rubuta yana neman injin ban-ruwa, ka nuna masa tallan injin ban-ruwa nan take, ai ka kusa sayarwa. Kasuwar nan Google ya kwashe. A watan Janairun 2008 Yahoo ya ba da sanarwar zai sallami ma'aikata kusan 1,000.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2008, Microsoft, mai manhajar Windows, ya fito fili ya taya Yahoo sukutum a kan dala biliyan 44.6. Dala 31 ke nan kowane hannun jari, alhali kwana ɗaya kafin nan ana sayar da shi dala 19 da 'yan kai. Ƙarin kashi 62 cikin 100. Ku kwatanta da san da dillalai suka yi wa kuɗi naira dubu 500 a kara, sai wani ya zo ya ce ya saya dubu 800 da ɗoriya. Shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ba don ƙaunar Yahoo ya yi wannan tayi ba. Shi ma Google ne ya hana shi barci. Lissafinsa shi ne na biyu da na uku su haɗa kai ko sa iya tarar na ɗaya.

Kwana goma bayan haka hukumar gudanarwar Yahoo ta ce albarka, kuɗin bai kai darajar kamfanin ba. Aka shiga ja-in-ja na wata uku. A farkon Afrilu Ballmer ya ba su wa'adin mako uku. Ranar 3 ga Mayu suka zauna a birnin Seattle, Microsoft ya ƙara zuwa dala 33, Jerry Yang ya tsaya kan 37. Ballmer ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Dala huɗu ce ta raba su.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau ake karantar da wannan labari a makarantun kasuwanci. Masu hannun jari suka fusata. Wani attajiri mai suna Carl Icahn ya sayi jari mai yawa ya tayar da ƙura sai da aka ba shi kujera a hukumar gudanarwa. Yahoo ya ruga wajen Google, abokin gabar da ya jefa shi cikin halin, suka ƙulla yarjejeniyar talla, amma da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta nuna za ta kai su kotu, Google ya janye a watan Nuwamba. A wannan watan hannun jarin da aka taya dala 33 ya faɗo ƙasa da dala 10, domin tattalin arzikin duniya ma ya rufta. Jerry Yang ya ba da sanarwar sauka daga shugabanci. A Yulin 2009 Yahoo ya miƙa wa Microsoft ɗin da ya ƙi sayar wa sashen bincikensa bisa yarjejeniyar shekara goma. Nonon da Ballmer ya zo nema ya samu, bai sayi saniyar ba. A 2017 kamfanin waya na Verizon ya karɓi ainihin kasuwancin Yahoo a kan dala biliyan 4.48.

Adalci ya sa in ƙara wannan: cinikin Verizon bai haɗa da jarin da Yahoo ke da shi a Alibaba na ƙasar Sin ba, wanda Jerry Yang ɗin nan ne ya ƙulla shi a 2005 da dala biliyan 1, ya kuma haifi riba ninkin-ba-ninkin. Don haka masu cewa kamfanin biliyan 44 ne ya koma biliyan 4 ba su faɗi labarin duka ba. Duk da haka ra'ayina shi ne Yang ya yi kuskure. Na fahimci zuciyarsa. Mutum ya reni abu tun yana ɗaki ɗaya, a zo a ce ya miƙa shi ga kamfanin da bai taɓa ganin mutuncinsa ba, da ciwo. Amma makiyayi ya san akwai ranar da ake sayar da saniya tana tsaye da ƙafarta, akwai kuma ranar da mahauci ne ke faɗin kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. A cikin wata ukun nan da aka yi ana ja-in-ja, an ji ta bakin masu hannun jari, an ji ta bakin ma'aikata, an ji ta bakin lauyoyi, har Google ya fito ya yi kukan cewa cinikin zai cutar da intanet. Mutanen da wasiƙunsu, da hotunansu, da takardun neman aikinsu ke ajiye a rumbun Yahoo, ɗaruruwan miliyoyi, ciki har da yaron da ke zaune a shagon intanet a Birnin Kebbi, su lamba ce kawai a cikin takardar lissafi. Daga baya aka gano cewa a 2013 ɓarayin intanet sun shiga rumbun Yahoo, kutsen da ya shafi dukkan asusu biliyan 3 da ke ciki. Me labarin kutse ya jawo a teburin ciniki? Verizon ya nemi ragi, aka rage masa dala miliyan 350. Sirrin mutane ne aka sace, mai saye ne ya samu rangwame. Sannan sababbin masu gida suka rufe Yahoo Messenger a 2018, suka rufe zaurukan Yahoo Groups a 2020, inda ƙungiyoyi da yawa, har da na marubuta da ɗalibai 'yan Arewa, suka yi shekaru suna muhawara.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai noman shinkafa a Augie da rigimar attajiran Amurka? To mu dawo gida, domin irin wannan ciniki an yi shi a kanmu ba sau ɗaya ba.

Wanda ya riƙe layin 0802 tun farkon zuwan wayar salula a 2001, bai motsa daga inda yake ba amma an sayar da shi sau da dama. Ya kwanta yana Econet, ya tashi yana Vmobile, a 2006 ya zama Celtel, a 2008 Zain, a 2010 kuma kamfanin Bharti na Indiya ya sayi harkokin Zain na Afirka a kan dala biliyan 10.7, ya wayi gari yana Airtel. Maƙwabtanmu na Dogon Dutsi da Doso sun ga irin haka a 2019, lokacin da Orange na Faransa ya sayar da reshensa na Nijar ya koma Zamani.

Amma cinikin da ya fi kama da na Microsoft da Yahoo shi ne na MTN da Visafone. Jim Ovia, wanda ya kafa bankin Zenith, shi ya kafa Visafone a 2007. Yana cikin kamfanonin da ke aiki da fasahar CDMA, su Starcomms da Multi-Links, waɗanda a manyan birane irin su Kano da Abuja da Legas aka fi saninsu da modem ɗin intanet da arhar kira. Fasahar ce duniya ta juya wa baya. Masu ƙera waya suka daina yi mata wayoyi masu kyau, kamfanonin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Telkom na Afirka ta Kudu ya zuba sama da dala miliyan 400 wajen sayen Multi-Links, ya sayar da shi a 2011 a kan dala miliyan 10. Visafone ne ya rage yana numfashi, da masu layi wajen miliyan 2, har MTN ya kammala sayensa a Janairun 2016. Shi ya sa yau in ka ga lamba ta fara da 0704 ko 07025, galibi ta MTN ce.

Me kamfanin da ke da masu layi sama da miliyan 60 a lokacin zai yi da ƙarin miliyan 2? Ba su ya zo saye ba. Zango ya zo saye.

Ku masu sauraron rediyo kun fi kowa sanin wannan. Kun san tashar matsakaicin zango tana ratsa daji ta iske makiyayi a ruga, amma ta FM da ka yi nisa da gari sai ta fara shiii. Haka abin yake a wayar salula. Kowane kamfani akwai zangon da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba shi haya yake aika saƙo a kai. Zangon da lambarsa ke ƙasa ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa katangar ƙasa da duhuwar itatuwa. Visafone na riƙe da zangon megahaz 800, wanda turke ɗaya a kansa zai rufe faɗin ƙasar da sai an kafa turaku da yawa kafin a rufe ta a kan zango mai babbar lamba. Ga wanda ke shirin buɗe intanet mai sauri na 4G, wanda MTN ya buɗe a Oktoban 2016, wannan zango zinariya ne. Shi ya sa abokan hamayya suka yi ca. Etisalat ya garzaya kotu. A 2018 NCC ta kira zaman jin bahasi a Abuja kan ko a mayar da zangon da sunan MTN, Airtel da 9mobile, wato Etisalat da ya sake suna, suka ce in an yi haka babba zai ƙara girma har ba mai iya kama ƙafarsa.

Ni ban ga laifin sayen Visafone ba. Kamfanin mutuwa zai yi ko an saya ko ba a saya ba, kuma gara masu layinsa su tsira da lambobinsu da a wayi gari waya ta zama dutse. Abin da ke ci min rai daban ne. Zangon da ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, shimfiɗaɗɗiya, mai ƙauyuka a warwatse tsakanin tudu da fadama, shi ne aka yi wa wannan kokawa, amma muhawarar duk a kan wane kamfani zai fi wane ce. Ban ji an ɗaga murya an ce, duk wanda ya karɓi wannan zango, ƙauyuka nawa zai kai wa sabis, cikin shekara nawa ba.

Zango ba gadon kowa ba ne, dukiyar ƙasa ce, kamar ruwa. Mu Kabawa mun san hukuncin ruwa tun kafin a haifi NCC. Gulbin Matan Fada ba a shigarsa da homa duk ranar da mutum ya ga dama. Akwai Sarkin Ruwa, akwai lokacin da ake hana su don kifi ya girma, akwai ranar da ake buɗewa kowa ya shiga da gorarsa. Mai babban jirgi ba ya cewa tunda ya fi kowa ƙarfi gulbin ya zama nasa. Wanda aka ba haƙƙin cin moriyar ruwan jama'a, akwai abin da jama'a ke binsa. Haka nake kallon zango.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, kamfanin da bai samu mai saye nagari da wuri ba. Etisalat ya shigo Najeriya a Oktoban 2008 da lambar 0809, matasa suka rungume shi saboda ingancin intanet ɗinsa, har masu layinsa suka haura miliyan 22. A 2013 ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankuna 13 don faɗaɗa turakunsa. Kuɗin shigarsa da naira ne, wani kaso na bashin da dala. A Yunin 2016 aka saki naira, dalar da ake saya 197 a hukumance ta haura 280 cikin 'yan kwanaki. Bashin ya kumbura ba tare da an ƙara cin ko kwabo ba. A 2017 bankuna suka taso, iyayen kamfanin na Daular Larabawa suka tattara nasu ya nasu suka fice har da sunansu, Babban Banki da NCC suka shiga tsakani don kada a rufe shi, aka raɗa masa 9mobile. Aka sa shi a kasuwa. Airtel da Glo suna cikin kamfanoni biyar da aka tantance, amma a ƙarshe Teleology aka ba a 2018. Jinin bai tsaya ba. A 2024 wani kamfani mai suna LH Telecommunication ya karɓi kashi 95.5 cikin 100. Zuwa ƙarshen wannan shekarar masu layi sun zube, daga sama da miliyan 22 zuwa ƙasa da miliyan 4. A 2025 NCC ta amince masu layin 9mobile su hau turakun MTN na tsawon shekara uku, kamfanin kuma ya sake suna zuwa T2.

Ku duba yadda abin ya zagayo. Kamfanin da ya kai MTN ƙara a 2016 don kada ya yi ƙarfi da yawa, shi ne bayan shekara tara yake fakewa a inuwarsa. Kamar dai Yahoo da Microsoft: an ƙi sallamawa, an dawo ana haya.

Shekarun nan da aka kwashe ana ta sauya masu gida, wa ya biya kuɗinsu? Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba zan kuma kama sunan kamfani ba. A farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, na je kasuwa a ƙasar Augie na tarar da wani ƙanena mai sana'ar POS. Wani dattijo ya sayar da buhu uku na shanshera, mai saye ya ce ya tura kuɗi, saƙo bai shigo ba. Yaron nan ya ɗaga na'ura sama yana juyawa kamar mai neman alƙibla, ya cire layi ya sa wani, ya hau kan tulin buhuna, gumi na zuba. Dattijon ya dafa buhunsa ya ƙi sakin igiya, mai mota na ta danna ham. Layin da dattijon ya buɗe asusun banki da shi tun shekaru, na wani kamfani ne da turkensa na yankin ya daɗe da yin shiru. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, wanga layi shi ad da sunana ga banki. In ya mace, ni ma na mace ke nan ga takarda?" Yaron ya ce, "Baba, yi haƙuri, sai mun tai Argungu a canja maka." Tafiya ce ta kuɗin mota da yini guda, don gyara abin da ba shi ya ɓata ba. Sai bayan la'asar aka rabu, shi ma don wani mai shago da ya san su duka biyu ya tsaya a tsakani.

Lambar waya yanzu ta wuce abin gaisuwa. Da ita aka ɗaure asusun banki, da lambar BVN, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a jihar nan a Nuwamban 2015, manomin shinkafa da bai taɓa shiga banki ba ya shiga, kuma waya ce igiyar da ta haɗa shi da bankin. Da ita yake jin farashin da kamfanonin casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi ke saye. Da ita ake sanar da 'yan'uwa in ruwa ya taso daga sama. Bayan harin da aka kai garin Mera a Nuwamban 2024, ba sai na gaya wa mutumin Augie amfanin waya ta shiga a lokacin da ake neman ɗauki ba. Saboda haka in kamfanin sadarwa ya fara ciwo, turakun ƙauye ne farkon waɗanda ake daina kai wa man janareta, domin su ne ba sa kawo riba. Mutumin birni ya sa wani layi ya ci gaba da harkarsa. Mutumin da turke ɗaya ne ke kallon garinsu ba shi da wannan zaɓi.

To ashe a bar babba ya haɗiye kowa a huta? A'a, kuma dalilina yana cikin tarihin da muka rayu a ciki. Daga 2001 zuwa 2003 kamfanoni na cajin kira da minti; ka yi magana daƙiƙa biyar a cire maka kuɗin minti cur, ana ce mana lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba. A Agustan 2003 Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa tun ranar farko, cikin 'yan watanni sauran suka bi. Layin da ake saya da dubban naira ya faɗo har ya zama kusan kyauta. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba, tsoron kada a kwashe musu kasuwa ne. Yau kamfani ɗaya ke riƙe da sama da rabin layukan ƙasar nan, na biyu na da wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun na raba abin da ya rage. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Na yarda tsadar man dizal da faɗuwar naira gaskiya ne, kamfanonin ba ƙarya suka yi ba. Amma a kasuwar da masu sayarwa ke raguwa, wa zai sake yi mana abin da aka yi a 2003?

Ga matsayata. Kamfanin da ya kama hanyar mutuwa, a bari a saye shi da wuri, tun yana da abin sayarwa, ko da mai sayen babba ne. Jan ƙafa ba ya ceton kowa. Yahoo ya gwada, 9mobile ya gwada. Amma kada hukuma ta sa hannu a kan cinikin biri a sama. NCC na da ikon amincewa ko ƙin amincewa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, ga kuma hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokarta ta fara aiki a 2019. Sa hannunsu shi ne kuɗin da ke hannunmu a wannan ciniki, kada a ba da shi kyauta. A rubuta a fili cewa ba za a kashe turken da ke aiki a ƙauye ba sai an kafa madadinsa. A rubuta cewa lambar mutum da kuɗin da ke cikin layinsa za su bi shi ba tare da ya taka zuwa hedikwatar masarauta ba. In akwai zango mai tafiya nesa a cikin kayan, a lissafa mazaɓun da za a kai wa sabis da sunayensu da ranar gamawa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai gani, in ranar ta wuce ba a yi ba a karɓe zangon. Akwai asusun USPF da doka ta tanada musamman don kai sadarwa inda ba riba. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Kebbi ta Arewa su tambaya a zauren majalisa nawa ne daga cikinsa ya iso ƙasar Augie da Arewa da Dandi.

Zaman jin bahasi kuma, in za a sake yi, ban ga abin da zai hana a yi ɗaya a Argungu ko Birnin Kebbi da harshen Hausa ba. Lauyoyin kamfanoni sun iya Turanci, suna da kuɗin jirgi zuwa Abuja. Dattijon da ya dafa buhunsa ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne ya fi su sanin abin da mutuwar turke take nufi.

Ku ma masu sauraro akwai abin da ke hannunku. Tun Afrilun 2013 doka ta ba ku damar ƙaura da lambarku daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ta canja ba. In kun ga layin da kuka ɗaura wa banki ya fara yini ba sabis, kada ku jira ranar kasuwa ta kama ku. Ku ƙaura da shi tun yana karɓar saƙo, domin sai da saƙon ake tabbatar da ƙaurar. In kun kai kuka ga kamfani bai saurare ku ba, lambar NCC ta karɓar ƙorafi ita ce 622, kyauta ake kira. Masu unguwanni da hakimai su riƙa rubuta ranakun da sabis ya ɗauke a garuruwansu, domin takarda mai kwanan wata ta fi ƙorafin baki nauyi a gaban hukuma. Wanda kuma takardun makarantarsa ko na filinsa ke ajiye a tsohon imel kaɗai, ya sauke su ya buga a takarda ya adana a gida.

Yarjejeniyar da ta ɗora masu layin T2 a kan turakun MTN shekara uku ce, za ta cika a 2028. Kafin ranar, ko dai kamfanin ya miƙe da ƙafarsa, ko a sabunta hayar, ko kuma wani ya fito ya taya. In an fara wannan ciniki za mu kawo muku shi a wannan fili, da sunan mai tayi, da abin da ya taya, da abin da aka rubuta ko aka ƙi rubutawa game da turakun ƙasar Augie.